Tambaya da Amsa: Wa Zan Damƙa wa Amanar Shafina na Intanet?

Assalamu alaikum masu karatu. Yawancin wasiƙun da suka shigo wannan karon a kan abu ɗaya suke, wato kamfanonin da ke ba shafukan intanet masauki, musamman waɗanda ake kira na gajimare (cloud), inda ake hayar ƙarfin na'urorin kamfani ta intanet gwargwadon buƙata. Na zaɓi biyar, na taƙaita su.

Tambaya: Malam, ina sayar da atamfa da leshi da turaren wuta. Wani yaro ne ya buɗe mini shafi inda mutane ke zaɓen kaya su biya. Ana saura kwana biyar Ƙaramar Sallah shafin ya ɗauke, bai dawo ba sai bayan kwana uku. Yaron ya ce laifin kamfanin masaukin ne, alhali sun rubuta cewa kashi 99.9 cikin 100 na lokaci suna aiki. Yanzu ya ce mu koma na gajimare. Yaya zan gane na kirki? (Wata Hajiya, Kano)

Amsa: Hajiya, Allah ya mayar miki da ninkin abin da kika rasa. Kwana uku a jajibirin Sallah ba ƙaramar asara ba ce ga mai sayar da sutura.

Kafin mu kai ga kamfani, akwai abin da ya fi damuna a wasiƙarki. Ba ki faɗi sunan kamfanin ba, kuma ina kyautata zaton ba ki san shi ba. To ki zaunar da yaron nan cikin mutunci ki tambaye shi: da sunan wa aka yi rajistar adireshin shafin, kuma da imel ɗin wa aka buɗe asusun masaukin? In da nasa ne, a takarda shafin nasa ne, ke biya kawai kike yi. Ba ina zarginsa ba ne, yawancinsu sauri ke sa su yin haka. Amma yana iya tafiya karatu, ko wayarsa ta ɓata, ko ku saɓa. Na taɓa taya wata ƙungiya neman shafinta bayan wanda ya buɗe musu ya bar ƙasar, aka yi ta aika takardu wata da watanni kafin a yarda cewa nasu ne. Adireshi da asusu su koma sunanki, da imel ɗinki da lambar wayarki, shi kuma ki ba shi izinin shiga ya yi aikinsa.

Sai maganar 99.9. Shekara tana da awa 8,760. Abin da suka keɓe wa kansu na ɗaukewa shi ne kashi 1 cikin 1,000 na wannan, wato awa 8 da minti 45 a shekara, kimanin minti 43 a wata. Kwana ukun da kika yi awa 72 ne, rabon fiye da shekara takwas ke nan a zama ɗaya. Wanda ya ce 99.99 kuwa minti 52 da 'yan kai ya keɓe wa kansa a shekara, wanda ya ce 99 ziryan ya ɗebi fiye da kwana uku da rabi. Amma ki lura da abin da suke biya in sun saɓa alkawari. Ba sa biyan cinikin da ya wuce ki. Rangwame ne a kuɗin wata mai zuwa, shi ma galibi sai kin nema da kanki cikin wa'adin da suka sa, kuma lokacin da suka sanar za su yi gyara ba ya shiga lissafi. Saboda haka ni wannan lamba ba ta burge ni.

Zan kuma faɗa miki gaskiya: da wuya kamfani mai rai ya mutu kwana uku cur ba a ji labarinsa a ko'ina ba. Abin da na fi gani shi ne wa'adin biya ya wuce aka rufe asusu, ko rajistar adireshi ta ƙare, ko kuwa masu saye sun yi yawa shafin ya wuce iyakar da aka yanka masa aka dakatar da shi. Ki ce ya nuna miki saƙonnin da kamfanin ya aiko a waɗannan kwanaki. In ba a gano musabbabin ba, za ki ɗauki matsalar ki kai ta sabon wuri.

Na ukun nan shi ya fi kama da halinki. Masauki mai araha kamar ɗaki ne a gidan haya mai famfo ɗaya: ɗaruruwan shafuka a kan na'ura guda, in wani ya yi baƙi kowa ya ji a jikinsa, in ke kika yi baƙi mai gida ya ce kin takura wa jama'a. Abin da na gajimare ya fi shi da shi, ana yanka miki rabonki na ƙarfin na'ura, kuma za a iya ƙara shi cikin mintoci a makon Sallah a rage bayan an sauko daga Idi. Wannan amfani ne na gaske. Amma ba ya nufin ba ya faɗuwa.

Yanzu ga abin da nake auna kamfani da shi. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare, don haka duk tambayoyina a kan ranar da abu ya lalace ne. Ta farko: ina kwafin ajiyar bayanaina yake, kuma a wane gini? A daren 10 ga Maris 2021 gobara ta tashi a cibiyar kamfanin OVH da ke Strasbourg a Faransa, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin masauki na Turai. Gini guda ya ƙone ƙurmus, na kusa da shi ya taɓu, shafuka kimanin miliyan 3.6 suka ɗauke. Ba a rasa rai ba, amma akwai waɗanda suka rasa bayanansu har abada, cikinsu har da masu biyan kuɗin kwafin ajiya, domin kwafin a wuri ɗaya yake da asalin. Ma'aikatan wannan fanni suna da ƙa'idar da suke kira 3-2-1: kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam. A wajenki ma'anarta mai sauƙi ce. Duk mako a sauke jerin kayanki da hotuna da bayanan masu saye, a ajiye inda ba hannun kamfanin. Kuma ki sa yaron ya gwada tayar da shafin daga wannan kwafi a gabanki, ko sau ɗaya ne. Sau da yawa sai ranar buƙata ake gane cewa kwafin fanko ne.

Ta biyu: wa zai amsa mini da tsakar dare? Wannan ba ya buƙatar ilimin kwamfuta. Kafin ki biya ko kwabo, ki aika wa sashen taimakonsu tambaya ranar Asabar da dare, ki ga yaushe za su amsa, kuma mutum ne ya karanta ya amsa ko saƙon da aka riga aka tsara ne. Ki duba ko suna da shafin da suke bayyana matsalolinsu a fili da kwanan wata. Kamfanin da ya rubuta cewa ran kaza mun faɗi na awa biyu, ga dalili, ga gyaran da muka yi, ya fi kwanta mini a rai da wanda tarihinsa fes yake babu ko ɗigo.

Ki fara da biyan wata ɗaya ko uku, kada rangwamen shekara uku ya ja ki. A haɗa miki da manhajar sa ido irin su UptimeRobot, wadda ke leƙa shafin kowane 'yan mintoci ta turo miki saƙo in ya ɗauke. Kuma kada a yi ƙaura ana gab da Sallah. A yi ta lokacin da kasuwa ta lafa, a bar tsohon masaukin a kunne har sai sabon ya zauna da gindinsa.

Tambaya: Na gama karatun kwamfuta, ina haɗa wa wani kantin magani manhajar lissafin kaya. Abokaina sun ce in hau AWS kawai, tunda manyan kamfanonin duniya can suke, ba ya taɓa faɗuwa. Haka ne? (Wani ɗalibinka, Zariya)

Amsa: Ƙanena, Allah ya sa albarka a karatun. AWS, wato reshen Amazon da ya fara wannan sana'a gadan-gadan a 2006, da Azure na Microsoft da Google Cloud, ƙwararru ne, babu musu. Amma suna faɗuwa. Ranar 28 ga Fabrairu 2017 wani injiniyan Amazon ya yi kuskure wajen rubuta umarni guda, ma'ajiyarsu ta S3 da ke Virginia a Amurka ta tsaya kimanin awa huɗu, ta ja shafuka masu yawa ƙasa. A Oktoba 2025 wannan yankin dai ya sake samun babbar matsala. A Mayu 2024 kuskuren saiti a Google Cloud ya goge asusun UniSuper, wani asusun fansho na Ostireliya mai mambobi fiye da rabin miliyan. Sun yi fiye da mako guda mutane ba sa iya shiga, kuma cikin abin da ya cece su har da kwafin da suka ajiye a wani kamfani dabam.

Abin da abokanka ba su faɗa maka ba shi ne, manyan nan ba sa sayar da tabbaci a dunƙule. Kayan gini suke sayarwa. In ka kunna uwar garke ɗaya, wato na'urar da ke ɗauke da shafi ko manhaja, a cibiya ɗaya, ranar da ta faɗi ka faɗi. Sai ka raba aikinka a cibiyoyi biyu ko uku sannan ka samu abin da ake yabonsu da shi, kuma kowanne da kuɗinsa. Haka tsaro: su ke gadin gini da na'urori, kai ke da alhakin sabunta manhaja, rufe ƙofofin shiga, kalmomin sirri da kwafin ajiya. Sannan a matakin kyauta taimakon da suke bayarwa na asusu ne da lissafin kuɗi, taimakon fasaha kuwa sai ka saya.

Inda matasa irinka suka fi ƙonewa shi ne wajen biya. Ba kuɗi ne tsayayye ba, mita ce ke juyawa: awannin na'ura, girman ajiya, har da bayanan da suka fita daga wurinsu zuwa intanet, wanda a yankunan Amurka da Turai AWS ke cajin kimanin santi 9 kan kowane gigabait bayan 100 na farko a wata. Shigar da bayanai kyauta ne, fitarwa ke da kuɗi. Ka manta da na'urar gwaji a kunne, ko ka saka mabuɗan asusunka a GitHub, dandalin da masu haɗa manhaja ke ajiye ayyukansu, ɓarayi su tsinta su yi haƙar kuɗin kirifto da su, sai ka wayi gari da bashin da ya fi kuɗin kwangilar. Ranar da ka buɗe asusu, kafin komai, ka sa ƙararrawar kasafi da tabbatarwa mai mataki biyu.

Ga kuma dala. A farkon Yuni 2023 farashin hukuma yana wajen naira 460, zuwa Fabrairu 2024 ya haura 1,500. Mai biyan dala 20 a wata ya tashi daga naira 9,200 zuwa 30,000 ba tare da an ƙara masa komai ba. A wancan lokacin kuma bankuna da dama sun riga sun hana amfani da katin naira a waje, shafukan mutane suka mutu ba don rashin kuɗi ba sai don katin ya ƙi wucewa. AWS ya fara karɓar naira a farkon 2025, amma farashin da dala ake yanka shi. Ka rubuta wa mai kantin wannan a yarjejeniyarku tun yanzu, don kada gobe ya ce ka cuce shi.

Ra'ayina, kantin magani ɗaya ba ya buƙatar AWS. Ƙaramar uwar garke mai farashi tsayayye a irin su DigitalOcean ko Hetzner, ƙasa da dala 10 a wata, da kwafin ajiya kullum zuwa wani kamfani dabam, ta wadatar. Ka gina da kayan da ake samu ko'ina, irin su Linux da PostgreSQL, yadda in ka so tashi za ka tashi cikin yini guda. AWS kuwa ka koye shi da asusunka na kanka, domin zai yi maka amfani wajen neman aiki.

Tambaya: Ina da makarantar firamare da sakandare. Muna son iyaye su riƙa duba sakamakon 'ya'yansu ta waya. Kamfanin gida ya fi ko na waje? (Wani shugaban makaranta, Katsina)

Amsa: Ranka ya daɗe, Allah ya taimaki malam. Kowanne da inda ya fi, amma ga irin aikinku na fi karkata ga na gida, in an tantance shi.

Dalilin farko, duk masu shiga shafinku a Najeriya suke. In na'urar tana Landan ko Frankfurt, duk dannawar da uba ya yi a Funtuwa sai ta bi wayar ƙarƙashin teku ta je ta dawo. Jinkirin kansa bai kai a damu ba, kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ne daga Legas. Matsalar ita ce ranar da wayar ta tsinke. A 14 ga Maris 2024 wayoyi huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a tekun da ke gaɓar Kodebuwa. Intanet ya rikice a Najeriya da Gana da maƙwabtansu, manhajojin wasu bankuna suka tsaya, gyara kuma ya ɗauki makonni. Shafin da ke zaune a cikin ƙasa, wanda kamfaninsa ke haɗe da mahaɗar intanet ta Najeriya, IXPN, saƙonsa ba ya buƙatar ƙetare teku. Manyan kamfanonin duniya kuwa cikakkun cibiyoyinsu na farko a nahiyar nan a Afirka ta Kudu suka kafa su: Microsoft a 2019, AWS a Cape Town a 2020, Google a Johannesburg a 2024. AWS ya buɗe ƙaramin reshe a Legas a 2023, amma ba duk ayyukansa ake samu a can ba.

Na biyu, doka. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya da aka sa wa hannu a Yuni 2023 ta ɗora alhakin bayanan ɗalibai a wuyan makaranta, ko da wani ne ke ajiye muku. Bayanan yara na buƙatar yardar iyaye, fitar da bayanai waje yana da sharuɗɗa, kuma in aka yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan, awa 72 kuke da su ku sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC. Sunan yaro da hotonsa da lambar mahaifinsa da adireshin gidansu ba abin wasa ba ne a halin tsaron da yankinmu ke ciki. Wannan ya fi tsaya mini a rai fiye da maganar sauri. Kada ku ɗora abin da duba sakamako ba ya buƙata.

Sai dai a kula. Kamfanoni da yawa masu ofis a Najeriya dillalai ne: sun yi hayar na'ura a Amurka ko Jamus suna sayarwa da naira. Ba laifi ba ne, har ma yana sauƙaƙa biya, amma ba ya ba ku amfanin da na ambata. Ku tambaye su kai tsaye, a rubuce: a wace cibiya na'urarku take? Akwai sanannu a Legas irin su Rack Centre da MDXi ta MainOne, wadda kamfanin Equinix na Amurka ya saya a 2022, akwai kuma Galaxy Backbone na gwamnatin tarayya a Abuja. In sun ambaci suna, malamin kwamfutarku zai iya duba lambar IP ɗinsu ya ga ƙasar da take cikin minti ɗaya. In suka fara kwana-kwana, kun samu amsa.

Za su ce muku cibiyarsu matakin Tier III ce. Ma'anarsa za a iya gyara ko sauya kowane ɓangare na lantarki ko na sanyaya ba tare da an kashe na'urori ba, kuma a ƙasar da janareta da dizal ke riƙe da komai wannan shi ne gishirin maganar. Cibiyar Uptime Institute ce ke ba da shaidar, tana kuma wallafa sunayen waɗanda ta ba. Ku duba ko shaidar ta zanen gini ce kawai ko ta ginin da aka kammala, domin ba ɗaya ba ne.

Abu na ƙarshe, shafinku zai yi wata uku shiru, sannan ranar fitar sakamako iyaye duka su afka masa cikin awa ɗaya. Ku faɗa wa kamfanin yawan ɗalibanku, ku nemi a gwada wannan nauyin kafin ranar. Ko kuma ku saki sakamakon aji-aji, firamare da safe, sakandare da yamma.

Tambaya: Ni a Nijar nake, ina da ɗan shafin labarai da Hausa da Faransanci. Shawarar da kuke bayarwa kan naira ba ta shafe mu ba. Mu fa? (Wani mai karatu, Maraɗi)

Amsa: Gaskiyarka ɗan'uwa, kuma a nan kun fi mu sauƙi. Sefa a ɗaure take da yuro tun 1999, yuro ɗaya sefa 655.957. In ka zaɓi kamfanin da ke caji da yuro, irin su Hetzner na Jamus ko OVH na Faransa, abin da za ka biya bana shi ne na baɗi sai in su suka ƙara farashi, saɓanin mai biya da dala. OVH kuma suna amsa tambaya da Faransanci. Gobarar da na ambata a sama ba dalilin gudunsu ba ce, dalilin ajiye kwafi a wani wuri ce. Tunda masu karanta ka a waya suke kuma data na da tsada, ka rage nauyin hotuna, ka sa shafin a bayan Cloudflare, kamfanin da ke tsayawa tsakanin shafi da masu shigarsa, wanda ke da matakin kyauta kuma yana tare hare-haren da ake kai wa shafukan labarai don a durƙusar da su.

Tambaya: Na ga tallar masauki marar iyaka, a biya sau ɗaya har abada. In saya? (Wata ɗaliba, Sakkwato)

Amsa: Kada ki saya, 'yata. Na'ura tana cin lantarki kowane wata, ma'aikata na karɓar albashi kowane wata. Wanda ya karɓi kuɗi sau ɗaya, da kuɗin sababbin masu saye yake ɗaukar nauyin tsofaffi, ranar da suka daina zuwa sai ya rufe. Marar iyakar ma in kika buɗe sharuɗɗan za ki tarar da iyaka a kan yawan fayiloli da ƙarfin na'urar da aka yarda ki ja. In shafin koyo kike so ba ki da kuɗi, GitHub Pages na ba da masauki kyauta ga shafuka marasa rumbun bayanai, kuma ya ishe ki nuna ayyukanki. In kin fara samun masu biya, sai ki koma na wata-wata, ki yi rajistar adireshinki a wani kamfani dabam da na masaukin, ko .com ne ko .ng da hukumar NiRA ke kula da shi, yadda in masaukin ya rufe za ki juya adireshin zuwa wani wuri a ranar.